Kaskon Tokar Baba

Shekarar da tari ya kama Baba a Tsarnawa, ni ce mai kwashe kaskon tokar da yake tofa kaki a ciki. Gidan mijina yana bayan nasa, don haka kowace safiya sai in leƙo, in zubar, in zuba sabuwar toka. Mai wannan aiki dole ya gani, ko bai so ba. Da farko kakin fari ne. Sai ya koma rawaya, ya yi kauri, ya zama kore-kore. Wannan bai tayar mini da hankali ba, don na sha gani wajen yarana, mura ta yi kwanakinta ta wuce. Amma ranar da na ga ya yi kalar tsatsa, ga jikin Baba zafi rau, numfashi da ƙyar, na ce mu tafi likita.

"Tarin sanyi na, ɗiyata," in ji shi. "Dahwa min citta ki bar ni."

Na dafa. Washegari na sake magana, ya juya mini baya.

Sai ga autanmu daga Konni a kan babur, da farar shadda da ledar lemo. Ko kallon kaskon bai yi ba, ni na ba shi labari a zaure. Ya shiga ya ce, "Baba, tashi mu tai likita." Wallahi tsohon nan ya miƙe yana laluben hularsa. Muka sa shi a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi.

A can asibiti majo, wato ma'aikacin jinya, ya tambayi kalar kakin da lokacin da ta sauya. Ƙanena ya waiwayo, na amsa. Majo ya ce kore ko rawaya kaɗai ba kullum ne abin tsoro ba, amma tsatsa ko jini tare da zazzaɓi ba a zama da su a gida. Ya auna Baba ya ce ciwon huhu ne.

Baba ya warke, na gode Allah. Amma kishi ya ci ni ƙwarai. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji, "Ɗan ga nawa shi yac cece ni." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata rana ya faɗa a gaban baƙi ina tsaye, sannan ya yi tari, ya turo mini kaskon da ƙafa bai ko dube ni ba. Na ɗauka na fita raina a ɓace. Kafin in zubar, sai da na duba. Fari ne.