Ɗakin Baƙin Inna Altine

A Tsarnawa kowa ya san ɗakin baƙin Inna Altine. A da, in Sallar layya ta matso, ita da kanta take yi masa sabon daɓe, ta turara shi. 'Yan uwa daga Yamai su cika shi har a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta kuma su yi ta aiko da kwanonin baƙo.

Da aka fara gina otal-otal a Konni, baƙi suka rage kwana. Su zo su ci nama, da la'asar su kaɗe riga su tafi inda ake kunna sanyi. Ɗanta Sadiƙu ne kaɗai ya ci gaba da sauka gida da iyalinsa.

Wata Sallar aka yi zafi na fitar hankali, jikokinta suka yi ta kuka. Ta ce masa, "Ku tai otal mana, ɗiyan ga sun wahala." Kara ce ta yi, tana jiran ya ce a'a. Shi kuwa bawan Allah, boko ya cinye masa kunne, ya ce to, ya kwashe su.

Sadiƙu ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce ya dawo. Duk shekara tana share ɗakin, shi kuma yana wucewa otal. In muka zagi yaran zamani sai ta tare mu: "Ba laihi nai ba ne. Ni na kore shi da bakina." Abin yana cinta, mu ma yana ba mu haushi.

Bana ta haƙura. Maƙwabcinta Hakim ya rasa inda zai ajiye albasarsa, ta ba shi ɗakin.

Ranar jajibiri sai ga Sadiƙu da jakunkuna, yana murmushi. 'Yarsa Badi'a ce ta matsa, wai tana so ta kwana inda babanta ya taso. Ya tura ƙofar ɗakin baƙin, warin albasa ya tarye shi, buhuna har rufi.

Ya ɗan tsaya, sannan ya ja ƙofar a hankali.

"Ba komi, Inna. Otal na nan."

Tabarmi na jingine a bayan Inna Altine, tsakar gida fayau. Kalma ɗaya ta isa, ta san haka. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."