Baban Kaifi da Askar Dogo

Kullum da hantsi za ka same shi a ƙofar ɗan shagonsa, tsakanin mai gyaran agogo da tela, ya jiƙa duwatsun washinsa uku a roba: mai kaushi, matsakaici, da mai santsin nan da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Baban Kaifi ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya aikinsa ɗaya, tsofaffin asake masu naɗewa cikin ƙota, waɗanda tsatsa ta ci aka jefar a ƙasan akwati. Zai kankare tsatsar, ya sake ƙusa, in ƙota ta tsage ya sassaƙa wata da ƙaho, sannan ya zauna wasawa kamar ba shi da wurin zuwa a duniya. Yanzu ido ya fara gardama, ya ce bana zai ajiye. Shi ya sa na sa a rubuta wannan tun yana ji da kunnensa. Ni ba na manta abin da aka yi mini, mai kyau ko marar kyau, kuma gidanmu akwai nauyin mutumin nan a kansa.

Ƙanena Dogo mai aski ne, tun yana saurayi da aska guda yake cin abinci. Bara sai ya fara yankar mutane. Yau a yanki kunnen wannan, gobe haɓar wancan. Kafin wata biyu bencinsa ya zama wurin barcin kyanwa. 'Ya'yansa suka taru suka ce, "Baba, hannu ya tafi, ka zauna a gida mu riƙe ka." Dogo ya zauna a gida, amma ya daina cin abinci sosai. Wanda ya saba fita da sassafe, in ka zaunar da shi, ka gama da shi.

Sai ya naɗe askar ya kai wa Baban Kaifi, wai ya ba duk mai so.

Baban Kaifi ya buɗe ta, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya san askar nan, shi ya sake mata ƙota shekarun baya. Bakinta a da yana da ɗan ciki, ƙarshenta a dunƙule. Yanzu ga ta miƙe sambal, ƙarshen ya yi tsini.

"Dogo, wa ya yi wa baiwar Allah nan haka?"

"Babban ɗana ne. Ya ga ta karkace, ya kai wa masu inji suka miƙe ta. Kyauta ya yi mini."

"Allah ya yi masa albarka, ya kuma raba shi da masu inji. Miƙo hannunka."

Dogo ya miƙa. Yana ɗan rawa kam.

"Wannan rawar ai tun muna samari kake yin ta in ka ga mace. Ba hannu ba ne. Shekara arba'in hannunka yana bin wancan cikin, an wayi gari an ba shi baƙuwa. Dawo ran Laraba."

Kwana biyar ya yi a kanta. Tela ya ce Baban Kaifi bai karɓi aikin kowa ba a kwanakin nan, yana ta jan ta a dutse a hankali, yana cin gefe da gefe, har cikin ya dawo, tsinin ya mutu.

Ran Laraba bai miƙa masa ita a shago ba. Ya san ko askar ta gyaru, ba wanda zai zauna a gaban Dogo. Sai ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya taka har wurin askin, ya kori kyanwar, ya zauna, ya ɗaga haɓa.

Mai agogo ya biyo shi yana cewa, "Malam, ka bar wasiyya tukuna!"

"Na bari. Na ce a ba ka duwatsuna ka dinga gyara agogo da su, ko za su fara tafiya daidai."

Mutane suka taru. Dogo ya shafa kumfa, ya tsaya da aska a hannu ya kasa.

"Yi mana, ɗan'uwa, wuyana ya gaji."

Ya yi bismillah ya ɗora. Tun daga saje har maƙogwaro, ko ɗigon jini babu. Baban Kaifi bai gama goge fuska ba mai agogo ya zauna, wai dama gemunsa ya dame shi.

Baban Kaifi, kai ne ka duba ƙarfe lokacin da kowa ke duban tsufa. 'Ya'yan Dogo na cikinsa sun yi masa hukunci saboda ƙauna, ni yayarsa na goyi bayansu, ban ɓoye ba. Kai kaɗai ka ce a kawo a gani, ka kuma sa wuyanka a kan maganarka. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa naka su riƙe ka da mutunci.

Ku kuma masu sauraro, in za ku ɗauki wani abu daga mutumin nan, ku ɗauki wannan: kafin ku ce wa tsoho ya ƙare, ku duba abin da aka sa masa a hannu. Dogo yana nan bakin aikinsa. Yau da safe ma sai da na aika masa abinci can, don ya ce layi ya hana shi tasowa.