Sunayen Mamata a Gaban Labarin Soyayya

Ku da kuka shigo aikin madaba'a kwanan nan, akwai wata Talata da ba na jin za ta fita daga kaina ko da na bar sana'ar. Sati biyu ne bayan ƙaramar salla, ina zaune gaban ordinatir, wato kwamfuta, a ɗan shagonmu na unguwar Maourey, aka ajiye mini aikin Malam Sahabi.

Ni aikina shirya shafuka. Marubuci ya kawo rubutunsa, in zuba shi shafi-shafi, in fitar da gwaji a takarda, ya duba ya sa hannu. Daga sa hannun nan sai a yi farantin bugu a ɗora wa inji, duk gyaran da ya biyo baya kuwa sabon kuɗi ne. Ƙa'idar Hajiya Zuwaira, mai madaba'ar, ita ce a biya rabin kuɗi tun farko, da shi ake sayen takarda a yanka ta daidai girman littafin. Takardar da aka yanka ba ta komawa wurin mai ita. Ina kuma da wani hali da Hajiya ta gaji da yi mini faɗa a kansa, wato duk abin da aka ba ni in shirya sai na karanta shi.

Malam Sahabi mutumin Tahoua ne, yana koyar da Larabci a wata makaranta a unguwar Lamordé. Ga gemu, ga carbi, ga sanyin murya. Shekara bakwai ya yi yana rubuta littafinsa, babu kamfanin da ya ɗauki nauyin bugawa, albashin malami kuwa kun san inda yake tsayawa. Sai ya yi abin da ake yayi: ya ɗauki saƙon murya a waya, ya roƙi jama'a kowa ya sa abin da ya samu, da alkawarin za a buga sunan duk wanda ya taimaka a shafin godiya. Sati ukun farko abin da ya tara bai wuce addu'a da hoton babban yatsa ba. Abokansa 'yan boko, masu kukan adabin Hausa zai mutu, su ne suka fara daina buɗe saƙonsa. Ana nan sai wani ya tura saƙon cikin zauren waya na 'yan Tahoua da ke kasuwar Katako. Cikin kwana huɗu kuɗi suka cika.

Na buɗe shafin godiyar don in jera shi. Marigayi Alhaji wane, Allah ya jiƙansa. Marigayiya wance, Allah ya haskaka kabarinta. Sunaye ashirin da bakwai, masu rai a ciki uku ne kacal. Ban yi mamaki ba, don mun saba. Ɗan kasuwa in ya biya kuɗin buga littafi, na addu'o'i ne ko na hukuncin salla, a sa sunan iyayensa da suka rasu, a raba a masallatai, lada ya kai musu. Na juya shafi ina jiran in ga bisimilla da salati, sai na ga babi na ɗaya ya fara da cewa tun da Zalika mai sayar da kifi ta rufe ƙofar taksinsa, zuciyar Hamidu ba ta koma mazauninta ba.

Na cire gilashina na goge, na sake dubawa. Zalika tana nan.

Washegari Malam ya zo sa hannu. Na buɗe masa shafukan biyu suna kallon juna, na ce, “Malam, bayin Allan nan sun san a gaban mi za su tsaya?”

Ya ce, “Usaini, wallahi na hwaɗi. Cikin saƙon na ce ƙagaggen labari ne.”

“A minti na nawa?”

Ya sunkuyar da kai. “Na biyar.”

Saƙon minti shida ne. Wa zai saurari minti shida a Katako, ga masu saye tsaye a kansa? Sun ji Malam, sun ji littafi, sun ji za a sa suna, suka kashe waya suka aiko da kuɗi. Shi ma tun da sunayen suka fara shigowa ya gane abin da ya faru, amma mutumin da ya jira shekara bakwai ba ya saurin buɗe baki. Na tausaya masa ƙwarai, ko da yake dariya tana cina.

Hajiya ta ji mu daga ofis, ta ce mu aikinmu bugu ne, in ya sa hannu a buga. Na miƙa mata gwajin. Ta karanta layi uku, ta ajiye, ta ce, “Kai, a'a. Sunan madaba'ata na bayan littafin nan. Ku tafi ku ga mai kuɗin.”

Mai kuɗin shi ne Alhaji Mamman, dillalin katako kuma shugaban 'yan garinsu a kasuwa. Shi ya ba da kaso mafi tsoka, da sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa, sauran kuma bayansa suka bi. In ya ce a mayar masa da kuɗinsa kowa zai ce haka, ga shi an riga an yanka takarda. Malam zai tashi ba littafi, ga bashin da albashin shekara ba zai biya ba. In kuma aka buga a ɓoye, kafin littafin ya bushe labari ya kai Tahoua.

Muka same shi bayan la'asar a rumfarsa, zaune kan tulin katako, ana dafa masa shayi. Malam ya yi gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar gida. Da na ga za mu kai magariba a kan gaisuwa sai na ce, “Alhaji, littafin da kuka taimaka ne muka kawo ka ji, kafin a buga.”

Ya gyara zama, ya ajiye kofi, har da tattara hankali irin na mai jiran wa'azi. Malam ya turo mini takardun, don haka ni na karanta.

Ban kai ƙarshen shafin farko ba ya ɗaga hannu. “Taksi? Kihi? Malam, wanga wane irin littahi ne?”

Malam ya ce, “Labari ne, Alhaji. Kuskurena ne, ban bayyana da kyau ba.”

Alhaji ya yi masa wani kallo. Ni har na fara naɗe takardun. Sai ya ce, “To, ita yarinyar ta biya shi kuɗin taksin ko ba ta biya ba?”

Na ce sai a shafi na gaba.

“Ci gaba mana.”

Muka yi ta yi har aka kira salla. Wani ya zo sayen katakon rufi, Alhaji ya ce ya dawo da safe. Da muka tashi Malam ya tambaye shi hukuncinsa, ya ce shi ba ya yanke magana a kan abin da bai ji ƙarshensa ba, mu dawo gobe.

Kwana uku muna zuwa. A rana ta biyu maƙwabtan rumfa suka jawo benci. A ta uku har gardama ta kaure, wani mai sayar da kwano yana rantsuwa Hamidu sakarai ne, Alhaji yana cewa a bar yaro, talauci ne ya ɗaure masa baki. Ni muryata ta dishe. Malam kuwa yana gefe, ko shayin ba ya iya sha, ana yi wa littafinsa dariya a daidai inda ya so a yi, amma tsoro bai bar shi ya ji daɗin ba.

Da na karanta shafin ƙarshe, sai Alhaji ya juya ga Malam.

“Sunan babana, ku hidda shi. Da yana da rai, da ni da kai da mai gilashin ga duk sai mun sha sanda.”

Malam ya gyaɗa kai.

“Na Inna kuwa ku bar shi.” Alhaji ya ci gaba da cewa, “Matar ga in ana wasan kwaikwayo a rediyo, tuwo ƙonewa yake. Akwai wanda take bi lokacin da ciwo ya kwantar da ita. Tana asibiti tana tambayata yadda aka ƙare, ni kuwa na ce mata ba ni da lokacin shirme.” Ya shafe fuska da hannun riga. “Wanga kam na ji mata shi har ƙarshe.”

A daren nan, ba a yi sallar isha ba sai da Alhaji ya yi wa 'yan zauren bayani da bakinsa, cikin minti ɗaya. Wasu suka cire sunan iyayensu suka sa nasu, wasu suka bar na iyaye mata, mai kwano ya ce a rubuta nasa da manyan baƙaƙe. Babu wanda ya nemi a mayar masa da ko dala. Ranar Litinin Malam ya sa hannu, aka ɗora faranti.

Tun daga ranar, duk littafin da jama'a suka haɗa wa kuɗi, ba na barin a yi faranti sai na tambayi marubucin ko masu kuɗin sun san abin da ke ciki. Mutanenmu suna da hannun bayarwa, amma mutum suke ba wa, ba su tsayawa jin bayani. Marubuci kuma yana tsoronsu fiye da kima, yana zaton in sun gani za su gudu. Ku ce masa ya ɗauki takardunsa ya je ya same su inda suke zaune, ya karanta musu. Da yawansu ba a taɓa karanta musu komai ba tun da aka haife su.