Waken Yaya Rakiya a Gangara

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayata Rakiya, amma har yau idan wayata ta yi ƙara da hantsi sai gabana ya faɗi.

A lokacin sojoji na shirin mayar da mulki ga farar hula, 'yan siyasa sun cika garinmu Gazawa da ƙarar motoci. Ita kuwa ta dawo daga jami'a da karatun tsirrai, ba abin da ke gabanta sai gonar waken Baba a Gangara. Wata cuta ta kama gonar, ganye ya yi dabbare-dabbare, ya kanannaɗe. Baba ya ce a tuge duka.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, a ƙara masa kwanaki. Shi ma yana faɗa a cikinsa."

"Wake ne ke faɗa?"

Ta yi mana bayani a gindin gawo. Tsiro yana da wasu 'yan guntayen saƙo, ana ce musu ƙananan RNA. Da su yake rufe bakin wasu ƙwayoyin halittarsa, ya tsara lokacin fure da siffar ganye. Idan cuta ta shiga, sai ya yanko guntaye daga jikinta, ya aika su zuwa sabon toho don a gane ta a kashe mata murya. Ta ce ba kullum yake cin nasara ba. Baba ya ajiye hauya.

Ranar kasuwar Gangara ta hau kabu-kabu, babur ɗin haya, za ta duba gonar. Motar kamfen ta buge su ita da mai babur ɗin a kwana. Da aka kira ni a waya da hantsi, cewa na yi ba ita ba ce, don ɗazu na zuba mata fura. Kafin la'asar mun binne ta.

Bayan sadakar bakwai Baba ya tafi gona shi kaɗai. Ya dawo riƙe da reshe: ganyen ƙasa duk cuta, na sama kore shar.

"Ba ta gani ba," ya ce.

Yau manoma da sun ga ɗigon rawaya sai su tsallaka iyakar ƙasa sayen maganin feshi, ba a tambayar me ke damun shukar. Na san da tana nan da ta riƙe baki, sannan ta shiga gona gona tana bayani.

Ba ta bar littafi ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ya saura shi ne a gidanmu ba mai tuge shukar da ta kamu sai ya duƙa ya duba tohonta. Allah ya jiƙanki, Yaya.