Gali Mai Fito da Babban Kwale-kwale

Duk wanda ya taɓa ƙetare dam ɗin da ya raba ƙauyukan Madadi da hanyar Kabo ya san Gali mai fito. Dogo ne, baƙi, kafaɗunsa sun ranƙwafa saboda tura gora. Mutane suna yabonsa da haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ya ajiye shi a bakin ruwan nan ba. Kunya ce ta ɗaure shi, kuma a zama ɗaya ta gama da shi.

Asalinsa manomi ne, sai ruwan dam ya cinye gonar gidansu. Da wasu ma'aikatan kiwon kifi suka kafa sansani a bakin ruwa, suka ɗauke shi gadi tare da ɗan ƙanen babansa, Lukuman. A nan su biyun suka koyi iyo da tuƙi, abin da babu wanda ya iya a ƙauyen, domin mutanenmu na tudu ne, ruwan da ya wuce gwiwa tsoro yake ba su.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Taki ya ɓace, sabulu ya zama abin ɓoyo, ma'aikatan suka naɗe kayansu suka tafi. Suka bar wa dagaci kwale-kwale biyu na roba mai tauri, irin wadda gara ba ta ci, suka ce a ba masu gadin.

Ɗayan ƙarami ne siriri, mutum biyu kawai yake ɗauka, yana da doguwar sanda da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi. Maza huɗu za su ɗaga shi su ɗora a bayan mota. Ɗayan kuwa ƙato ne mai faɗin ciki, yana kwashe mutane da buhuna har da awaki, amma inda aka ajiye shi nan zai tsufa. Gali ya daɗe da sanin wanda yake so. Ƙaramin yake so, ya ɗora shi a mota ya nufi tafkin Chadi, inda ake cewa masunci yana gajiya da jan kifi. Har ya faɗa wa matarsa Saudatu ta fara rage kayanta.

Ranar rabo aka taru a ƙofar gidan dagaci. Dagaci ya ce, "Gali, kai ne babba. Zaɓi."

To, a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya miƙa hannu a tayin farko. Sai ya noƙe, manya su sake cewa ya zaɓa, sannan ya faɗi abin da ke ransa. Gali ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk wanda iyayena suka ga ya dace da ni, shi ne nawa."

Yana jiran tayi na biyu, sai ya ji liman ya ce, "Madalla da ɗan albarka! A ba shi babban, ya riƙa fito da jama'a." Kafin ya ɗago an shafa fatiha, tsofaffi suna ta sa masa albarka. Wa zai buɗe baki bayan fatiha ya ce ba haka yake nufi ba? Lukuman ya sami ƙaramin, kuma kafin kaka ya ɗora shi a motar itace ya yi gabas.

Tun daga ranar Gali bai ƙara zama na kansa ba. Ranar kasuwa shi ne, mai naƙuda shi ne, ɗaukar gawa zuwa dangi a ƙetare shi ne. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya ji sallama a zaure, "Malam Gali, a taimaka." Ya sha neman wanda zai koya wa tuƙi, amma kowane uba sai ya ce shi dai ba da ɗansa ba. Bikin ƙanwarsa a Gude ma bai zauna ba, ya kai 'yan biki gaɓa ya juyo ɗaukar wasu. Saudatu takan ce masa, "Ni ban auri mutum ba, gada na aura." Yakan yi dariya, amma maganar tana ci masa rai.

Da aka ƙaddamar da shari'a, dattawan ƙauye suka ce a raba maza da mata a cikin jirgi. Aka kafa asabari a tsakiya. Gali bai ƙi ba, sai dai shi da ke tsaye a baya yana tuƙi ya daina ganin gabansa sosai, sai ya riƙa leƙe ta gefe. Haka ya ci gaba da kai da kawo tsakanin gaɓa biyu da ya sani kamar tafin hannunsa, furfura tana cin gemunsa.

A shekarun nan ne Lukuman ya dawo ganin gida, ya yi ƙiba, yana da jirage nasa da masu yi masa aiki. Ya dubi hannayen Gali da suka yi kanta, idonsa ya ciko. Ya ce, "Yaya, na san abin da ya faru a ƙofar dagaci. Ka zo mu tafi, ina da jirgin da ba mai riƙe shi. Saudatu ta biyo ka bayan salla."

Gali ya amsa ba tare da ya jira tayi na biyu ba. Bai yi shawara da kowa ba, bai yi sallama da liman ba. Da hantsi ya ɗaure tufafinsa a buhu, ya tura jirgi da Lukuman a ciki, ransa fari ƙal. Motar da za ta kai su Kano tana tsaye a kan hanyar Kabo.

Suna isa gaɓa suka tarar da mutanen ƙauyensu a zaune a rana. An sallamo wata tsohuwa daga asibiti, tana kwance a kan tabarma, 'ya'yanta suna yi mata fifita. Babban ɗanta ya miƙe da murna ya ce, "Alhamdu lillahi, ga Malam Gali. Tun safe Inna take cewa a kai ta ɗakinta."

Direba ya danna ham. Lukuman ya riƙo hannun Gali ya ce, "Yaya, mota ba za ta jira ba."

Gali ya dubi motar, ya dubi tsohuwar. Ban da shi da Lukuman, babu wani a duk gaɓar da ya iya riƙe gora. Ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Bari in kai su in dawo."

Lukuman ya juya ya nufi mota, domin su biyun sun san a gaɓar ƙauye ma akwai masu jira. Aka kwantar da tsohuwar a bayan asabari. Gali ya tura buhun kayansa ƙarƙashin benci don a sami wurin zama, ya kafa gora a laka. Bai kai tsakiyar ruwa ba ya ji motar ta tashi, bai kuwa waiwaya ba.