Tsakuwa Cikin Tulu

A shekarar da damina ta yi mana rowa karo na biyu, ni ce ke riƙe da mabuɗin famfon unguwarmu a Damagaram. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta 'yan mata, maigidana kuma majo ne, wato ma'aikacin jinya a asibiti. Gidanmu na cikin 'yan gidajen Kirista da ke lungun ma'aikata. Ba don an fi so na aka ba ni mabuɗin ba. An ba ni ne don ina da agogo, ina da baki, kuma ba na jin nauyin ce wa mace ta janye tulunta.

Famfo ɗaya ne, lunguna uku ke sha: na dukawa, na 'yan kasuwa, da namu. Ruwa yakan zo da hantsi ya ɗauke kafin azahar, wata rana siririn nan kamar zaren ɗinki. Kafin mu yi tsari, da wuya rana ta faɗi ba a fasa tulu ko an yaga kallabi ba. Wata tsohuwa ta lungun dukawa, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ta gaji ta tara mu. Muka yarda kowane lungu na da ranarsa, ana zagayawa. A ranarka, yadda kuka ga dama za ku jera, ba ruwan kowa. Dukawa da shekaru suke bi, babba gaba. Matan 'yan kasuwa dutse suke ajiyewa tun asuba ya tsare musu layi. Mu kuma wadda za ta fita aiki ita ke fara ɗiba. Amma duk abin da ya shafi famfon kansa, gyara ne, sauya mai mabuɗi ne, ko taɓa ranaku, sai matan lungunan uku sun hallara, abin da suka fi yawa a kai shi za a yi.

Ni na rubuta wannan da boko a shafin farko na wani kaye, wato littafin rubutu, da na ɗauko daga lakwal, wata malamar allo ta rubuta da ajami a shafin ƙarshe, don kada wata ta ce an ci ta da rubutun da ba ta iya ba. Sojoji ke mulki a lokacin, rediyo ba ya zancen zaɓe. Ni da na karanta batun tsarin mulki a makaranta, ban taɓa kawo shi kusa da wannan kayen mai tabon ruwa ba.

Da rani ya yi tsanani, mutanen ƙauye suka fara shigowa. Wasu gidaje daga wajen garin Zermu suka sauka a kangayen da ke bayan lungunmu, ta gefen da ke kallon unguwar Kara-Kara. Gonakinsu ba su ba da ko kara ba. Cikinsu akwai wata doguwar mata mai goyo, ba ta roƙo, ba ta yawan magana. Kullum takan zo ta tsaya nesa da famfo da tulunta, ta jira ko za a rage. Ba a ragewa. Sai ta wuce tafkin da ya kusa ƙafewa ta kwaso ruwan laka ta tace da gefen zane. Ranar da maigidana ya dawo ya ce an kai jaririyarta asibiti da gudawa, kuma in ta koma wa wannan ruwan ba za ta kai damina ba, na kira taro.

Batun ɗaya ne: a ba baƙin nan rana tasu a famfo, ko a'a.

Wadda ta tashi ta ƙi ita ce Hajiya, uwargidan babban ɗan kasuwar unguwar. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba muguwa ba ce. A wannan shekarar rabin unguwa daga rumbun gidanta suke samun tsaba, har da baƙin, don takan aika musu tuwo. Ta ce:

"Madam, lissafin lakwal daban, lissafin tulu daban. Yanzu kwana biyu muke jira kafin ranarmu ta zagayo. In aka ƙara su, kwana uku ke nan. Wa zai ba 'ya'yanmu haƙurin kwana uku? Gobe wasu za su zo daga Mirriya, jibi daga wani wurin. A ba su sadaka in an samu, amma rana, a'a."

Maganarta na da kai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na yi nawa dogon bayani har muryata ta dishe, sannan na ce mai so ta ɗaga hannu. Ina kallo, idanun mata ba a kaina suke ba, suna kan hannun Hajiya da ke kwance a cinyarta. Hannuwa 'yan kaɗan suka tashi. Wata maƙwabciyata da muka yi kukan jaririyar nan tare da safe, ta ɗago nata har kafaɗa, sai ta mayar da shi sosa kunne.

Na koma gida ina huci. Washegari muna karin kumallo na ce wa maigidana mabuɗi dai a hannuna yake, zan riƙa buɗe wa baƙin da zarar ruwa ya zo, kafin masu rana su ɗiba, wadda ta isa ta hana ni. Shi mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke ƙara tunzura mai fushi. Ya kurɓi kununsa ya ce:

"Wa ya rubuta kayen?"

"Ni."

"To, in kin buɗe yau don kina da gaskiya, wadda za ta karɓi mabuɗin bayanki ita ma za ta buɗe don tana ganin tana da gaskiya. Ki shirya tsintar fasassun tuluna."

Na ce masa ya je ya yi wa marasa lafiyarsa wa'azi. Amma ban buɗe ba. Kwana biyu ina ɗaukar rabin ruwan gidanmu ina kai wa matar nan, na kuma san wannan ba mafita ba ce, don gidajensu sun fi ƙarfin tuluna.

Iya ce ta zo ta same ni ina wanki da ruwan da bai kai ya wanke hannu ba. Ta zauna a kan turmi ta ce in karanto mata abin da kaye ya faɗa game da taro. Na karanta: abin da ya shafi kowa, kowace mace za ta faɗi abin da ke ranta.

"To 'yar nan, ran nan wa ya faɗi abin da ke ransa? Matar da ta karɓo tiya biyu ta gero da safe, ta yaya za ta ɗaga hannu a gaban mai geron da yamma? Ke albashi gare ki, shi ya sa hannunki ba nauyi."

Na ji kunya, don ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ita ta kawo dabarar: tulu biyu a cikin zaure, a rataya tabarma a ƙofa, kowace mace ta shiga ita kaɗai da tsakuwa ɗaya. Tsakuwa kuwa ko fari bai hana Damagaram ita ba.

Muka je wa Hajiya tare. Na zaci za ta ce an riga an gama. Ta saurari Iya har ƙarshe, ta ce a karanta mata shafin ajami, aka karanta. Sannan ta ce:

"In haka takarda ta ce, a sake. Ni ban sayi bakin kowa da gerona ba. Amma Madam, in kin sha ƙasa wannan karon, kin yi shiru ke nan."

Na ce na yarda.

Ranar taro bayan la'asar aka ajiye tulunan a zauren Iya, na dama na masu so, na hagu na masu ƙi. An ɗauko wanda aka samu ne: ɗaya sabo, ɗaya tsoho mai tsaga. Mace ta farko ta shiga, muna tsaye a waje tsit. Sai muka ji ƙwal, ƙara mai daɗi irin ta sabon tulu. Duk wadda ta taɓa sayen tulu a kasuwa ta san wannan ƙarar, da ita muke gwada lafiyarsa. Kafin baiwar Allah ta fito, unguwa duka ta san inda ta jefa. Ta ɗaga tabarma ta ga ana kallonta, ta rufe fuska da mayafi. Dariya ta ɓarke, har da ni, ko da yake raina ya ɓaci, don na ga dabarar ta rushe tun ba a je ko'ina ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce a kawo rairayi. Da hannunta ta zuba shi a gindin kowane tulu, ta jefa tsakuwa ta gwada, ta sa kunne, ta ƙara rairayi har sai da ba a jin komai. Sannan ta kwashe tsakuwar gwajin, ta mayar wa matar farko da tata, ta ce:

"Koma ki sake. Ba na son in san na kowa."

Aka yi ta shiga ana fita. Da aka gama, Iya ta juye tulunan a kan tabarmi biyu a gaban kowa, aka tankaɗe rairayin da rariya. Tun ba a ƙirga ba ido ya gani, amma na sa aka ƙirga har sau biyu. Masu so sun fi yawa, ba da tazara mai yawa ba, amma sun fi.

Kowa ya juya wajen Hajiya. Ta dubi ƙaramin tarin ta ce:

"Tawa na cikin waɗannan, kuma har yanzu ina ganin za mu sha wuya. Gobe ranar lungunmu ce. Tunda an yanke, su fara gobe, mu ma matsa jibi. Madam, rubuta."

Mun sha wuyar kuwa, ba ta yi ƙarya ba. Kwana uku tsakanin ɗiba da ɗiba ba wasa ba ne, na yi wata guda ban wanke zanen zuwa majami'a ba. Amma ba a fasa tulu ko ɗaya ba, gero kuma bai daina fita daga gidan Hajiya zuwa gidajen da ta san da wuya a ce duk sun bi bayanta ba. Na yi shekaru ina koya wa yara darasin zaman ƙasa, ban taɓa alfahari da wani darasi kamar yadda nake alfahari da matan unguwar nan ba.

Washegarin ranar da aka ƙirga tsakuwar, na buɗe kwaɗon famfo da hantsi. Matan Zermu suka zo suka tsaya cirko-cirko, suna jira in jera su. Na ce musu ranarsu ce, su jera yadda suka saba a garinsu. Suka yi 'yar shawara, suka sa masu goyo gaba. Doguwar matar nan ce ta fara, jaririyar na bayanta, ta rame amma idonta a buɗe. Da tulun ya cika ta ɗora a kai, ta yi taku biyu, sai ta juyo.

"Madam, in wata magana ta sake tasowa, mu ma za a ba mu tsakuwa?"

Ban ba ta amsa da kaina ba, don ba ni da wannan ikon. Na ce za a tara mata a tambaya. Aka tara, aka zuba rairayi, aka jefa. A zaɓen mai mabuɗi da ya biyo baya, tana cikin layin shiga zaure da tsakuwarta a dunƙule a hannu. A wannan zaɓen ne aka karɓe mabuɗin daga hannuna aka ba wata 'yar dukawa, kuma har yau ban san inda doguwar matar nan ta jefa tata ba.