Hawainiyoyin da Baba Sallau Ya Fesa wa Magani

Har gobe ban manta da ranar da aka shigo mana da kwalaye uku na hawainiya ba. Lokacin ina mataimakin likitan dabbobi a bakin iyakar Jibiya, aikina duba shanu da awakin da ake ƙetarawa da su. An gano kwalayen ne a ƙarƙashin buhunan aya. Wai Turai za a kai su, can mutane ke kiwon hawainiya a falo. Mun yi ta dariya, sai da aka buɗe muka ga rabinsu sun riga sun mutu.

Ƙa'idarmu ita ce, dabbar da aka kama da rai, da rai za a miƙa ta ga masu kula da namun daji. Dokta, shugabarmu, tana Katsina wajen kwas. Ta waya ta ce mini, "Bitrus, amana ce a hannunka har in dawo."

Muka samo akwatunan gilashi irin na kifi, muka zuba ƙasa da busasshen ganye, muka jera rassan mangwaro. To, wa zai sa hannu? Kowa ya noƙe. Wannan ya ce yawunta dafi ne, wancan ya ce shi da iyali. Ni ma, maganar gaskiya, da tsinke nake taɓa su.

Baba Sallau ne kawai ya yarda. Dattijo ne daga Magama, leburan wucin-gadi, wato ba shi da takardar ɗaukar aiki, shara yake mana shekara da shekaru. Kullum da safe zai kwashe kashinsu da ragowar matattun farar da ake ba su, ya goge gilashi da ruwan zafi, ya yayyafa ruwa a ganye, don shi ya lura ba sa sha a kwano, sai dai su lashi raɓa.

A mako na biyu sai ga wasu ƙwari jajaye, ƙanana kamar garin barkono, a hammatarsu da gefen ido. Baba ya ce a bar masa. Zai soya sabuwar ƙasa a kasko, ya ƙone rassan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga da ruwan ɗumi.

Na ce, "Haba Baba, wannan ai sai mu shekara! Ga maganin kaska na wankan shanu, a tsarma shi da ruwa a fesa, an gama."

Ya ce, "Likita, hwatarsu ba ta saniya ba ce. Ka dai duba."

Na ce, "Ni na yi makarantar nan ko kai?"

Ni na auna maganin, ni na haɗa, na miƙa masa famfon feshi, na koma ofis.

Da la'asar ya leƙo. "Likita, sun yi baƙi ƙirin, kuma sun rufe ido."

Ko ɗagowa ban yi ba. Na ce, "Hawainiya ce fa, Baba. Rikiɗa ai aikinta ne." Har abokan aiki suka taya ni dariya. Daga baya na karanta cewa idan hawainiya ta yi baƙi haka ta ƙi komawa, azaba take sha. Da na tashi na je a lokacin, an wanke su, wataƙila da wasu sun rayu.

Da safe muka tarar da su zube a ƙasan akwatuna, ƙafafu a dunƙule. Ko ɗaya ba ta motsi. Baba ya durƙusa yana tsince su cikin kwali yana salati. Wallahi na kasa kallonsa.

Bayan kwana biyu Dokta ta dawo. Warin maganin bai bar ɗakin ba, tana shiga ta gane. Ta tara mu ta ce, "Wa ya fesa wannan?"

Baba ya cire hula. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya koya maka fesa wa ƙadangare maganin shanu?"

Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Jira yake in yi magana. Ni kuwa ina tuna takardar tuhuma da za ta shiga fayil ɗina, ga sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma.

Ma'aikacin dindindin, sai an ba shi tuhuma a rubuce ya kare kansa. Leburan wucin-gadi kuwa, cewa kawai ake kada ya dawo gobe. Haka aka yi wa Baba. Ya jingine tsintsiyarsa a bayan ƙofa, ya yi sallama da kowa, har da ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani a wurinmu hannun da ya aikata ake tambaya, ba bakin da ya ba da umarni ba, kuma hannun nan kusan kullum na ƙarami ne. Idan kun sa na ƙasa da ku aiki, ranar tambaya ku buɗe baki. Ni ina wurin, taku biyu tsakanina da Baba Sallau, ban ce uffan ba. Kafin shekara ta ƙare aka ƙara mini girma.